Kundin ƙarshen karatu: daidai ruwa, daidai tsaki

A ofisoshin gwamnati da makarantu da gidajen likita na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai wani rukuni na ma'aikata da ba a cika yin maganarsu ba. Su ne waɗanda suka koma jami'a ƙaro ilimi, suka zauna aji, suka ci jarrabawa gaba ɗaya, abu guda kawai ya rage musu, wato kundin bincike na ƙarshe, wanda ɗalibai ke kira memuwar. In ka tambayi ɗayansu inda aka kwana, amsar ba ta canzawa: saura kaɗan, yana jiran ya samu sarari. Bana saura kaɗan, baɗi saura kaɗan, har ƴan ajinsa su karɓi takardunsu su wuce, har malamin da ke duba masa aikin ya manta da sunansa, har shi kansa ya daina son a tada zancen.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Mutum ya kashe kuɗin rajista da na mota da na kwafin takardu, ya hana iyalinsa lokacinsa shekara biyu ko uku, amma tun da bai kare kundinsa gaban malamai ba, babu digiri, babu ƙarin girma a wurin aiki, albashi yana nan inda yake. Ƙasa ita ma ta yi asara, domin abin da malamin makaranta ko ungozoma ko malamin gona ya gani da idonsa cikin shekara goma na aiki ya tsaya a cikin kansa, bai shiga takarda ba, balle wani ya amfana da shi.

A namu gani, sararin nan da ake jira ba zai taɓa zuwa ba. Magidanci mai aiki, mai ƴaƴa, mai gona a ƙauye, mai dangi da ke kallonsa a ƙarshen wata, ba za a wayi gari ya samu wata shida babu abin da ke gabansa sai rubutu ba. Don haka maganar da ta dace a yi ita ce yadda za a auna binciken daidai da rayuwar mai yinsa. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki.

Ya kamata mu tuna yadda aka zo nan. An aza harsashin jami'ar Yamai a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Shekaru da dama, in ka cire jami'ar Musulunci ta Say, ita kaɗai ce a ƙasar. Mai son karatu mai zurfi daga Damagaram sai ya yi tafiyar kusan kilomita 900, na Maraɗi sama da kilomita 600. A 2010 Maraɗi da Tawa da Damagaram suka samu nasu jami'o'in, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi, ga makarantu masu zaman kansu da ke darussan yamma. Tsarin LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su runguma a 2007, ya raba karatun gida uku: lisansi shekara 3, masta shekara 2, dokta shekara 3. Ƙofa ta buɗe ke nan ga ma'aikacin da a da ba shi da hanya. Sai dai zaman aji yana da ranaku da sa'o'i, akwai mai kiran suna, akwai ranar jarrabawa. Kundi kuwa babu ƙararrawa, babu mai kiran suna. A nan ne ake zubewa.

Matsala tana farawa tun ranar zaɓen batu. Ɗalibi yana son malamai su ga girman kansa, sai ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa: talauci da ci gaba a Nijar, ko matsalolin ilimi a Afirka ta Yamma. Batu irin wannan cibiya guda mai motoci da ma'aikata ce ke iya masa, ita ma sai da shekaru. Mai aiki daga safe zuwa la'asar, da wace ƙafa zai zaga jihohi takwas? Ƙarshenta sai ya tara takardu cike da kwali, ya rasa ta inda zai kama.

Alhali kuwa ma'aikaci yana da abin da ɗalibi zalla ba shi da shi, wato fili a bakin ƙofarsa. Malamin firamare da ke gundumar Mayahi yana iya bin diddigin ƴan mata nawa suka shiga aji ɗaya a makarantu biyar na kewayensa, nawa suka kai aji shida, sauran ina suka tsaya, kuma me iyayensu ke cewa. Ma'aikaciyar likita tana da rajistar marasa lafiya a gabanta kullum, tana iya duba yadda zazzaɓin cizon sauro ke hawa da sauka daga Yuli zuwa Oktoba cikin shekara uku, da irin nisan da iyaye mata ke takowa kafin su iso. Malamin gona na yankin Galmi yana iya auna abin da manomin albasa ke asara tsakanin ranar tono da ranar sayarwa. Ma'aikacin magajin gari yana iya binciken yadda ake karɓar harajin kasuwa ɗaya tak, daga hannun mai tebur zuwa asusun gari. Kowanne cikin waɗannan tambaya ce guda, a wuri guda, cikin lokaci sananne, kuma amsarta tana da amfani ga wanda zai yanke shawara gobe.

Kada wani ya ce ƙaramin batu ƙaramin ilimi ne. André Salifou, ɗan Damagaram, da tarihin Damagaram a ƙarni na 19 ya fito a 1971. Djibo Hamani da tarihin Adar kafin zuwan Turawa ya fito a 1975. Kowannensu daga gida ya fara, yau ga sunayensu a kan jami'o'in Damagaram da Tawa. Mu dubi kuma sassaben zamani, wato barin kututturen itatuwa su sake toho a cikin gona ana yi musu aski maimakon a tumɓuke su. Manoman jihar Maraɗi sun kama shi tun shekarun 1980, ya bazu ƙauye zuwa ƙauye, amma sai a tsakiyar shekarun 2000 ne bincike da hotunan sama suka nuna wa duniya faɗin abin, inda aka ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5. Shekara ashirin gawo da kalgo suna tsirowa a gonakin da ma'aikata ke ratsawa kullum a kan babur. Abin rubutawa yana nan kusa, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Bincike a wurin aikin mutum yana da nasa sharaɗi. Rajistar likita da takardun makaranta amana ce, ba a ɗaukar su sai da izinin magabata a rubuce, kuma sunan majinyaci ko na ɗalibi ba ya shiga kundi. Sannan wanda ya daɗe a wuri yakan ɗauka ya riga ya san amsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka ne, amma malaman da za su saurare shi ba za su karɓi “na sani” ba, sai ya nuna wa ya tambaya, nawa ya ƙirga, kuma ta yaya. Dole ya saurari har wanda ke sukar ofishinsa, ya rubuta abin da ya ji ko da bai yi masa daɗi ba.

Bayan batu sai lokaci. Jadawalin da ake koya wa ɗalibai a aji, wata ɗaya karatu, wata biyu fita fili, wata biyu rubutu, bai san damina ba, bai san azumi ba. Namu jadawalin dole ya san su. Daga Yuni zuwa Satumba manomi yana gona tun hantsi bai yi ba, hanyoyin ƙauye sun yanke, makiyayi ya yi arewa da dabbobinsa. Wanda ya ɗauki takardun tambaya ya nufi ƙauye a wannan lokaci zai tarar da tsofaffi da yara kawai. Lokacin hira da mutanen karkara bayan girbi ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ma kafin samari su watse cin rani. Malamin makaranta kuma babban hutunsa a cikin damina yake faɗowa, lokacin da ajujuwa ke rufe. Ke nan shi a cikin shekarar karatu zai tattara bayanansa, ya bar hutu don rubutu. Wanda ya juya su ya yi asarar shekara guda cur.

Haka nan watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta ke yawan ɗaukewa, ba lokacin da mutum zai jingina dukan rubutunsa ba ne. Azumi kuwa kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, ana iya sanin inda zai faɗo tun da wuri a rage masa nauyi. Dabarar ita ce a fara lissafi daga ƙarshe: a sa ranar da ake son kare kundi, a cire wata biyu na gyaran malami da bugawa da ɗinki, a cire na rubutu, a cire na fita fili, sai a ga ranar da ya wajaba a fara. Galibi za a tarar ranar ta riga ta wuce, wannan kuwa shi ne ke tada mai barci.

Akwai wani aiki da kusan kowa ke mantawa da shi cikin lissafi. Hirarrakinmu da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci ake yinsu, kundi kuwa da Faransanci ake rubuta shi. Hirar awa guda da aka naɗa a salula tana cin awa huɗu ko biyar kafin a kwashe ta a takarda, ban da fassara. Hira ashirin ta kai awa ɗari ke nan. Mai awa guda a rana, sama da wata uku zai yi a kan wannan kaɗai. Saboda haka gara hira goma sha biyar da aka zaɓa da kyau, aka kwashe kowace a makon da aka yi ta, da hira sittin da za su kwanta a salula har ranar da za ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge ta. Kuma duk abin da aka rubuta a ajiye shi wuri uku: a kwamfuta, a ɗan makullin USB, da kuma saƙon imel da mutum zai aika wa kansa.

Rubutun kansa ba ya son a tara masa. Shafi ɗaya a rana, kwana biyar a mako, cikin mako 16 an samu shafi 80. Awa guda bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, kafin salula ta fara ƙara, ta fi yinin Lahadi guda da ake ta alkawari ba a cikawa. Da yayyafi kogi kan cika. Sai dai awar nan daga wani wuri za a cire ta, kuma a nan ne gaskiya ke da ɗaci: daga fada za ta fito, daga shayi na biyu da na uku, daga kallon ƙwallo, daga yawon WhatsApp. Ba mu ce a yanke zumunci ba. Jana'iza da gaisuwar mutuwa da duba maras lafiya ba a ɗaga su. Amma ba kowane suna da ɗaurin aure ne sai an yini ba, ana iya zuwa a yi fatiha a dawo. Wanda ya tara iyalinsa da abokansa ya gaya musu cewa wata shida zai yi ƙaranci, ga dalili, ga ranar gamawa, zai samu uzuri fiye da wanda ya ɓace ba bayani.

Za a ce mana wannan magana ce ta maza. Gaskiya ne, nauyin ba ɗaya ba ne. Mace ma'aikaciya in ta taso daga aiki wani aikin ke jiranta: tukunya, wankan yara, baƙi, ga goyo, wani lokaci ga ciki. Awar asuba da muke magana a kai, ita a lokacin take hura wuta. Don haka muna kira ga maza da babbar murya. Mijin da ya yarda matarsa ta yi rajista, yardarsa ba ta cika ba sai ya sama mata lokacin rubutu: ya ɗauke mata yara yammacin Asabar, ya yi haƙuri da abin da ya samu a kwano, ya raka ta ko ya sa a raka ta in bincike ya kai ta ƙauye. Albashin da zai ƙaru, cikin gidan zai shigo.

Kuɗi su ma a yi musu tanadi tun farko. Mota, man babur, ɗan goron mai rakiya, kuɗin intanet, bugawa da ɗinke kwafi da yawa, duk a rubuta su a takarda kafin a fara. Wanda ya san zai fita fili a Disamba ya shiga adashe ya nemi kwasarsa ta faɗo a Nuwamba. Jinkiri ma kuɗi ne, tun da kowace shekara da aka ƙara sai an sabunta rajista.

In lokaci ya ƙure ne shaiɗan ke kawo shawara. Wani ya kwafe tsohon kundi ya canza sunan gari, wani ya biya a rubuta masa, wani ya zauna a ɗaki ya cike takardun tambaya da hannunsa. Tun daga ƙarshen 2022 kuma ga manhajoji irin su ChatGPT, masu zubo shafi goma cikin minti ɗaya, wani lokaci har da sunayen littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. Suna iya taimakawa wajen gyaran Faransanci, amma ba su je Mayahi ba, ba su zauna da manomin Galmi ba. Zanen aro ba ya rufe katara: tambaya biyu daga malamai ta isa ta tona wanda bai taka fili ba. Ko ya tsallake ma, illar tana gaba, domin alƙaluman ƙarya da suka shiga kundi wani zai ɗauka gobe ya gina shiri a kansu.

To, amma ba daidai ba ne a ɗora wa ɗalibi laifin duka. Malaman da suka kai matsayin jagorantar bincike mai zurfi bisa ma'aunin CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, ba su da yawa in aka kwatanta da ɗaliban da ke jiransu, ga darussa, ga taruka, ga tafiye-tafiye. Sai babi guda ya kwana wata uku a kan tebur, ma'aikacin da ya nemi izinin kwana biyu ya biya kuɗin mota ya zo ya tarar malam ba ya gari. Muna roƙon jami'o'inmu su ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai riƙe, su sa a rubuta yarjejeniya tsakanin malami da ɗalibi tun ranar farko, ganawa sau ɗaya a wata ko ta waya ce, da wa'adin mayar da gyara. Su kuma hana ɗalibi ɗaukar batun da ya fi ƙarfinsa, tun icce yana ɗanye.

Su ma shugabannin ma'aikatu da nasu. Dokar aikin gwamnati ta tanadi sakin ma'aikaci ya tafi ƙaro ilimi, amma ba kowa ke samu ba, kuma da yawa da kuɗinsu da lokacinsu suke karatun. Rabin yini a mako na tsawon wata shida ba zai durƙusar da ofis ba, musamman in binciken a kan aikin ofishin ne. A maimakon haka a ɗora wa ma'aikacin sharaɗi: in ya gama ya kawo kwafi, ya tsaya gaban abokan aikinsa ya faɗi abin da ya gano. Haka nan kundayen da aka kare bai kamata su ƙare a cikin kabad suna shan ƙura ba. A tattara su a ɗakunan karatu na jami'o'in jihohi, a sa su a intanet, don kada ɗalibin Tawa ya sake yin aikin da na Maraɗi ya gama shekara biyar da suka wuce. Kuma tun da kundin tsarin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, me zai hana kowane kundi ya zo da taƙaitawa ta shafi biyu da Hausa ko da harshen mutanen da aka yi binciken a cikinsu, a karanta musu a rediyon gari? Su suka ba da lokacinsu, suna da hakkin jin sakamako.

Ga mai ganin aiki da bincike ba sa haɗuwa, muna tuna masa da Boubou Hama. Malamin makaranta ne, ya shugabanci majalisar dokokin ƙasa tun daga jajibirin samun ƴanci har zuwa juyin mulkin 1974, kuma cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta littattafai masu yawa, har da na tarihin Gobir da Sakkwato a 1967, ya kuma tattara tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da na ajami da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai. Za a ce shi babba ne, yana da mota da masu taimaka masa. Ba mu musa ba. Amma manya nawa suka samu mota da mataimaka ba su bar ko shafi ɗaya ba? Kuma mu ba littafi hamsin ake nema a wurinmu ba, kundi ɗaya ne.

Saboda haka, ɗan uwa ko ƴar uwa da kwalin takardunku ke ƙarƙashin gado, a jawo shi cikin wannan mako. A rage batun har ya zama tambaya guda da za a iya faɗa cikin numfashi ɗaya. A kira malam a nemi rana. A ɗauki kalanda a yi lissafi daga ƙarshe, a gaya wa iyali, gobe da asuba a rubuta shafin farko ko da bai yi kyau ba, gyara yana gaba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya kuma ba mu ikon ƙarasa abin da muka fara.